Kawunki Zai Kira Ki

Gaya, ranar Lahadi

Uwani,

Assalamu alaikum. Na ce kada ki buɗe wannan takarda sai kar ɗinku, motar fasinja, ta wuce Doso, ina fatan kin ji magana. Allah ya sa direbanku ya yi barci isasshe, ya tsare ku daga ramin hanya da mugun ji, ya sauke ki lafiya a garin da ba ki san kowa ba. Ya haɗa ki da maƙwabta masu kirki da ruwan sha mai daɗi.

Ba labari zan ba ki ba, jiya ma tare muka daka yajin da ke cikin jakarki. Magana ce wadda in na fara ta ido da ido, na san halina, kafin in kai tsakiya zan mayar da ita abin dariya, ki dara in dara, mu tashi ba a ce komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ranar Juma'a da aka taru yi miki addu'a, bayan an shafa, kawunki Alhaji Idi ya gyara zama ya ce, "To jama'a, mu ma mun yi alƙali a gida." Aka ce masha Allah. Ya juyo wajenki ya ce, "Uwani, yaron nan alƙali da maganar fadamata take hannunsa, ai tare kuka yi karatu ko?" Kika ce yana gabanki da aji. Ya ce, "Madalla. Ki je ki huta tukuna, zan kira ki." Kika sunkuyar da kai kika ce, "To, Kawu." Ina raba dabino a lokacin, amma na ji wannan "to" ɗin sarai. Na sha faɗin irinsa, na san abin da ke bin bayansa.

Kin san maganar sama-sama, bari in shimfiɗa miki ita. Fadamar shinkafa ce a bakin kogi. Kawunki ya ce ta mahaifinmu ce, aro aka ba uban maƙwabcinmu Tankari. Tankari ya ce kyauta ce, kuma tun yana goye gidansu ke noma ta. Ban san wa ke da gaskiya ba. Ina ƙarama lokacin, kuma ba a kiran ƴaƴa mata in ana maganar ƙasa. Mai yiwuwa ma kawunki ne da gaskiya. Sai dai bai tsaya kan aro da kyauta ba. Wani ya raɗa masa cewa Tankari ba shi da takardar haihuwa, uwarsa kuma daga ƙetaren kogi aka auro ta, wajen Malanbil, bayan iyakar ƙasa. Nan take ya sauya magana: Tankari baƙo ne, ba shi da bakin magana a kotu, in ya matsa a sa shi a kwalekwale a mayar da shi dangin uwarsa. Tankari ya nemi kotu ta ba shi takardar da ke maye gurbin ta haihuwa, wadda ba a bayarwa sai da shaidu. Dattawan unguwa da suka ci naman sunansa duk mantuwa ta kama su a tare, domin kusan kowannensu yana da ɗa direba ko yaron mota a kamyon kawunki, manyan motocinsa na kaya. Abin da ya rage shi ne alƙali ya san cewa kawunki ne mai ƙarar. Ba zai ce ki yi ƙarya ba. Zai ce ki buga wa abokin karatunki waya ki gaishe shi kawai.

Ban manta ko wane ne kawunki ba, ke ma kada ki manta. Ran da babanki ya rasu shi ya tsaya a kanmu. A gidansa na Yamai kika zauna har kika gama jami'a, a gaban kamyonsa kika yi ta zirga-zirga tsakanin can da nan, bai taɓa yi mana gori ba. Da mugu ne, da maganar ta yi sauƙi, ban ma ɓata takarda ba.

Zan ba ki labarin wasu kurakuraina. Duk kin san su, ba wani ɓoyayye a ciki, amma a matsayin hira kika san su, irin wadda ake yi ana gyaran zogale.

An haife ni ƙarƙashin kundin tsarin mulki na bayan samun ƴancin kai, na zamanin jam'iyya ɗaya, rubutacce cikin Faransancin da iyayena ba su ji. Ban san da shi ba sai bayan ya mutu. Ina ƙarama sojoji suka jingine shi a shekarun yunwa, kuma ban ji wani a unguwarmu ya yi cigiyarsa ba. Na yi kusan duk karatuna a ƙasar da ba ta da kundi. Daga baya aka yi wani, shi ma jam'iyya ɗaya, kakin ne kawai aka ɗora wa babbar riga. Sai da na shiga jami'a ƙasa ta motsa, ɗalibai da ƙungiyoyin ma'aikata suka matsa har aka yarda a kira babban taron ƙasa. Da aka kafa kwamitin shirya taron, mace ɗaya tak aka sa a ciki, wataƙila don a samu mai tuna musu lokacin abinci. Mata suka fito titi, ina cikinsu. Igiyar takalmina ta tsinke a hanya, na ƙarasa tafiyar da shi a hannu, ina jin kamar ni na haƙa kogin Kwara. Daga wannan taron aka samu kundin da ya zo da jam'iyyu da yawa, da ƴancin magana, da na taruwa, da na rubutu a jarida.

Lokacin da za a kai shi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a na dawo Gaya, sabuwar malamar tarihi a kwaleji. Aka tara malamai aka ce mu shiga ƙauyuka mu fassara wa mutane. Ni aka tura Yelu ranar kasuwa, aka tara mini mata kusa da masu rake. Faransancin da ke hannuna cewa yake kowane mutum yana da kaza, yana da kaza. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "Gwamnati ta ba ku ƴancin magana. Gwamnati ta ba ku ƴancin zaɓe. Gwamnati ta hana a kama ku ba dalili." Na san bambancin, ba rashin Hausa ba ne. So nake a saurare ni. In ka ce wa mace a kasuwa tana da abu, kwandonta za ta duba. In ka ce an kawo mata abu, sai ta matso. Suka matso kuwa. Masu Hausa suna Allah ya saka wa gwamnati, masu Dandanci suna fofo, fofo, tasu godiyar. Wata ta ɗaura mini damin rake a bayan babur. Na dawo gida ina ganin na yi wa ƙasa aiki.

Ba a daɗe ba, wata rana da rana tsaka, rediyo ta yanke shiri ta saka kiɗan soja. Maƙwabciyarmu Ta-Yelu, kin san ta, tana cikin matan da suka saurare ni ran nan kafin aure ya kawo ta unguwarmu, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Madam, me suke cewa?"

Na ce, "Sun jingine kundin."

"Wanda kika kawo mana?"

"Shi."

Ta ce, "To. Mai abu ya karɓi abinsa." Ta koma tankaɗenta.

Abin da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa ke nan, don ya yi haƙuri. Ba ta yi fushi ba, kuma ba ta da dalilin yi, tunda ni da bakina na gaya mata aro ne.

Saboda haka ki kula da bakinki a zauren shari'a, musamman da kalmar "ba". Za ki saki mutumin da ba a samu hujja a kansa ba, uwarsa ta zube a ƙofar ofishinki tana godiya. Za ki ji daɗi, kada ki yi wa kanki ƙarya, godiya tana da zaƙi. Ki ɗaga ta ki ce mata, "Inna, ban ba ki komai ba, ɗanki ne, dokar ce ta ce ba a riƙe shi." Ba za ta fahimta ba ran farko, za ta ce sabuwar alƙaliya ba ta da fara'a. Ki ci gaba da faɗa. Aikin kundi shi ne ya ɗaure hannun mai iko daga abin da mutane suke da shi tun kafin a rubuta, shi ya sa kullum mai iko ne ke fara gajiya da shi. Da na tsaya na yi tunani a Yelu, kalmar da nake bukata tana bakin matan nan tun kafin a haife ni: hakki. Ki duba yadda muke amfani da ita. Hakki shi ne abin da yake naka, kuma shi ne abin da ke kama wanda ya ci. Faransancin da na yi ta taƙama da shi bai haɗa biyun nan a kalma ɗaya ba. Ki yi shari'a da ita. Duk ran da kika ji ana kiran hukuncinki taimako, ki gyara wa mai faɗa.

Kuskure na biyu ya fi daɗewa a jikina, kuma shi kika gada.

Bayan wancan aka yi wani kundin, aka jingine. Aka yi wani, aka so a shimfiɗa shi ya ƙara tsawo, ya yage. Aka yi wani wanda ko tawadarsa ba ta bushe ba. Ni kuma ina gaban allo kowace shekara ina koyar da darasin zama ɗan ƙasa. Na gaji da jin kunya a gaban yara, sai na koma ba'a. Nakan shiga aji in ce, "Wa ya saurari rediyo da safe? Jamhuriya ta nawa muke yau?" Nakan ce mai son cin jarrabawa ya rubuta lambar jamhuriya da fensir, don in an wayi gari ya samu gogewa. Aji ya kwashe da dariya. Aka ce ba malamar da ta kai ni daɗin darasi. Ni ma na yarda da haka.

Shekaru suka wuce. Wata rana ina cikin mota za ni Junju gaisuwar rasuwa, aka tsayar da mu a wani shinge. Aka sauke wata mata da goyo, ba ta da katin ɗan ƙasa. Aka zaunar da ita a rana, direba ya fara sauke kayanta zai tafi ya bar ta. Mai kakin da ke tsaye na gane shi, ɗalibina ne, kuma ba daga bayan aji ba, yana cikin masu ɗaga hannu. Na sauka. Ya cire hula ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi babanki, ya tambaye ki. Na ce masa matar nan ta faɗi sunanta da ƙauyenta, ga mutane a mota sun san ta, ba ta yi laifin da za a tsare ta a rana da jariri ba, kundi bai yarda a riƙe mutum haka kawai ba.

Ya yi murmushi ya ce, "Madam, wanne daga ciki? Na fensir ɗin?"

Ba rashin kunya ya yi mini ba. Yana jiran in yi dariya ne, kamar yadda muka saba a aji. Sannan ya juya ya ce wa matar, "Tashi ki shiga. Darajar Madam kika ci." Ta bi ni da godiya har Junju, ina kallon taga.

Ran da aka jingine na bakwai, wanda kika yi shekaru kina haddacewa, kin tuna kin bugo mini daga Yamai kina dariya, kika ce, "Mama, a miƙo magogi." Na yi dariya don muryarki tana rawa. Sai da na ajiye wayar na gane. Muryata na ji a bakinki.

Ba zan ce ki daina ganin abin dariya ba, ba za ki iya ba, jini ne. Amma ga abin da ban gaya wa ɗalibaina ba, don ba ya ba da dariya. Na karanta kundayen nan duka, aikina ne. Abin da ke sauyawa daga wannan zuwa wancan shi ne rabon kujeru: wa ke naɗa wa, wa ke sauke wa, shekara nawa a kan mulki. Amma tun daga babban taron nan akwai wasu layuka da kowane marubuci yake kwafowa daga na gabansa. Cewa ran ɗan Adam da mutuncinsa abin tsarewa ne. Cewa kowa daidai yake a gaban doka, ba a duba jinsi ko ƙabila ko addini ko gidan da ya fito. Ba a kama mutum sai da doka, kuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar bayan an ji ta bakinsa. Alƙali kuma ba ya bin umarnin kowa sai na doka. An taka layukan nan ba adadi. Amma ban ga wanda ya samu ƙarfin halin rubuta akasinsu ba. Mai taka su da safe shi ke sa a sake buga su da yamma, domin ya san mutane sun riga sun ji su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da ƙafafun mutane aka samo shi, wasu da ransu. Takardar sama tana iya sauya suna, yanzu ma wata ce ake aiki da ita. Dokokin da ke kan teburinki suna nan, kuma mutumin da za a shigo da shi gabanki da ankwa bai san jamhuriya ta nawa ake ba. Abin da ya sani shi ne ko kin bar shi ya yi magana. Ki yi ba'arki a gida, da ni. Kada ƙaramin ma'aikaci ya taɓa jin ta a bakinki, don zai ɗauka izini ne.

Na uku kina goye aka yi shi.

Lokacin tsoro ne, bayan wani juyin mulki. Babanki yana fadar shan shayinsu bakin tasha, shi da amininsa Sanda tela, suna maganar da kowa ke yi a ɗaki, su suka yi ta a waje. Aka zo aka kwashe su biyu. Wa'adin da doka ta yarda a riƙe mutum kafin a kai shi gaban alƙali ya cika ya wuce. Na san wa'adin, na san lambar dokar, ina koyar da ita. Na ɗaura ki a baya na tafi ofishin da suke tsare, na tsaya a ƙofa da layukan nan a bakina. Ban faɗe su ba. Na juya na tafi gidan wani da muka yi jami'a tare, wanda a lokacin ya zama babba. Na durƙusa a falonsa, ni mai tafiya da takalmi a hannu. Na ce alfarma na zo nema. Ya ce haba, ai mun zama ɗaya. Ya ɗaga waya ya yi gaisuwa, ya tambayi iyali, a ƙarshe ya ce af, akwai mijin wata ƴar ajinmu a wajenku. Kafin la'asar babanki yana gida yana wanka.

Sanda bai fito ba sai da aka yi girbi. Ya fito da tarin da bai rabu da shi ba. Matarsa ba ta yi jami'a da kowa ba. Ta zo gidanmu washegarin fitowar babanki ta yi mana barka, ta ɗauke ki ta yi miki wasa, da za ta tafi ta ce, "Madam, ba ki ambaci nawa ba?" Na ce ban samu dama ba. Damar tana nan. Na ji tsoro ne kada in roƙi biyu a hana ni ɗaya. Da dokar na faɗa a ƙofar can, da ta rufe su duka biyu, ko ta kasa rufe kowa. Alfarma mutum ɗaya take ɗauka.

Babanki bai taɓa yi mini faɗa a kai ba. Abin da ya yi, har ya rasu bai sake kai ɗinki wajen wani tela ba, ko da idon Sanda ya raunana, hannun riga ɗaya na fin ɗaya. Kin tuna kina yi masa dariyar rigunansa.

In kin tambaye ni ko zan sake, gaskiya ban sani ba. Mijina ne, ke kuma kina kuka a bayana. Shi ya sa ba a barin mai dangi a ciki ya yanke hukunci, kuma shi ya sa ban la'anci kaina ba. Amma ni a ƙofa nake ran nan. Ke an ba ki kujerar mai ɗaga waya. Ki tuna yadda mutumin nan ya yi: bai ba da umarni ba, bai yi barazana ba, gaisuwa ya yi. Ya ajiye waya yana jin ya yi alheri, kuma ya yi. Bai taɓa jin sunan Sanda ba. Duk gaisuwar da za ki yi irin wannan akwai wanda za ta bari a ciki, kuma ba za a kawo miki shi ki gani ba. A wannan karon kin yi sa'a, kin san shi, Tankari ne. Shi ke kawo mana shinkafar fari kowace kaka, shi ya ɗauko ki daga magudanar ruwa ran da kika faɗa da sabuwar rigar salla.

Ki kuma duba abin da kawunki yake so a yarda da shi. A garin nan wa zai tsira in aka fara tonon kakanni? Inna mahaifiyarmu, wadda sunanta kike ɗauke da shi har na kasa kiranki da shi, daga Kamba aka auro ta, da kuɗin Najeriya ƙulle a bakin zane. Kawunki ɗanta ne kamar yadda Tankari yake ɗan matar Malanbil. Turawa sun ja layinsu a tsakiyar kogi ba su tambayi masu aure ba. Ko da ma a ce Tankari jiya ya sauko daga Kwatano, ki koma ki karanta layukan da na lissafa miki. Wajen zaɓe da tsayawa takara ne ake cewa ɗan ƙasa. Wajen a saurare ka kafin a yanke maka hukunci, mutum aka ce.

Jiya da hantsi, kina wajen kitso, na tafi garejin kawunki. Na same shi kan benci ana ɗaure wa wata kamyo tamfol. Ya ce, "A'a, Madam da kanta. Yau boko ya ba da hutu?"

Na ce, "Yaya, magana na zo da ita."

"In ta Faransanci ce a nemo tafinta."

Na ce ta Hausa ce. Na ce masa ya bar yarinya ta fara aikinta da hannu mai tsabta, ya kai shaidunsa na aro kotu, in fadamar ta Baba ce a ba shi, ni ma ina da gado a ciki.

Ya ce, "Dije, wa ya ce ta ci hanci? Gaisuwa ce. Ko bokon naku ya hana gaisuwa?"

Na ce, "Na san irin gaisuwar. An taɓa yi mini ita."

Ya ce, "Kuma ta yi miki rana. Da ba a yi ba, da mijinki ya ruɓe a can. Yau da abin ya zo kaina ne ya zama haram?"

Na ce masa kawai ranar Laraba zan je kotu in tsaya wa Tankari shaidar haihuwa. A ɗakin da ke bayan namu aka haife shi. Ni Inna ta aika da ƙwaryar kunun kanwa wajen mai jego, ni na share tsakar gidansu ran suna, kai kuma Yaya kai ka riƙe ƙafar ragon. Ba zan ce komai kan fadama ba, ban sani ba. Wannan kuwa na sani.

Aka gama ɗaure tamfol ɗin. Sannan ya ce, ba da tsawa ba, "Ni na kai ki tasha ran da za ki Yamai karatu, Baba yana cewa a'a."

Na ce, "Kai ne."

Ya ce, "In kin shiga kotun nan ranar Laraba, ki san ba ki da wa."

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na yi masa sallama. Bai amsa ba. Na taka har gida a ƙasa, masu kabu-kabu suna ta yi mini hon.

Kada ki ɗauka na ɗauke miki kayan. Shaidata takarda ɗaya za ta samar wa Tankari, shari'ar fadama tana nan, kuma yanzu da na juya masa baya zai fi bukatarki. Zai kira. Ki ɗaga, kada ki ɓuya, ɓuya raini ne. Ki gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ki tambayi Hajiya da yara da motoci. In ya kawo maganar ki ce, "Kawu, na yi rantsuwa, ba zan iya ba." Kada ki ce za ki duba, kada ki ce in sha Allah, kada ki ce layi ba kyau. Kada kuma ki yi masa darasi, nawa ya ishe shi. Zai tuna miki da gidan Yamai, kuma duk abin da zai faɗa gaskiya ne, ki amsa masa da gaskiya ne Kawu. Zai iya kashe waya. In ya kashe, ki sake kiransa ranar Juma'a ki gaishe shi, da wadda ke biye, ko ba ya ɗagawa. In ya yi ciwo ki zo. Abin da yake binki ki biya shi da ƙafarki da hannunki har ƙarshen ransa, ban da kujerar, don ba taki ba ce.

Wata rana ni ma zan iya kiranki da irin wannan murya, a kan ƙaninki ko a kan kaina. Na san kaina, na gaya miki abin da na yi da aka taɓa nawa. Ran nan ki ba ni amsar da kika ba kawunki, kuma kada ki saurari abin da zan ce bayanta.

In kin kawo nan da karatu, kin riga kin lura bai zo tasha ba. Ina tsammanin zan ga idonki yana neman farar motarsa, kuma ina tsammanin zan ce miki wataƙila aiki ne ya riƙe shi. Ki yafe mini wannan, ba na son ki hau mota da kuka. Bai taɓa fashin raka ki ba tun kina kwaleji, kuma na san yau yana zaune a gareji yana duban agogo, ya san ƙarfe nawa kar ke tashi.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin mai tsoratarwa da na mai kyautatawa. Ya ba ki barci mai nauyi bayan kowane hukunci. Ya jiƙan babanki da Inna da Sanda. Ya bayyana gaskiyar fadamar nan ko ta wace ce, ya sanyaya zuciyar yayana, ya sa kada ɗayanmu ya mutu muna gaba. Ki yi mini addu'a ranar Laraba da safe, ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma ƙafafuna ba su kai bakina ƙarfi ba.

Mahaifiyarki,
Hadiza